Shane Ya Hau Dokinsa Ya Tafi, Namu Sun Zauna

Jama'a, a Agege akwai wata mararraba da kowane direba da kwandasta ya sani da sunan Pen Cinema. A watan Maris na 2021 ma Gwamnatin Jihar Ikko ta buɗe wata doguwar gada a wurin, aka ci gaba da kiranta da wannan suna, alhali kuwa gidan siliman da ya ba wurin sunan ya daɗe da daina aiki. Haka Roxy ta Apapa da sauran tsofaffin gidajen silima na birnin, waɗansu sun koma majami'u, waɗansu shaguna. A irin waɗannan gidaje ne iyayenmu da suka zo ci-rani daga Arewa, fataken goro da dillalan shanu da leburorin tashar jirgin ruwa, suka riƙa kashe dare suna kallon finafinan kaboyi, kafin na Indiya da na Sin su ƙwace kasuwa. Wanda duk ya zauna da dattawan zango ya san yadda suke ba da labarin kaboyi: akwai jarumi, akwai bos, a yi ta ɗauki ba daɗi, a ƙarshe bos ya sha ƙasa, a watse.

A cikin finafinan nan akwai guda ɗaya da nake so mu duba a wannan mako, domin kuwa rigimar da ke cikinsa ita ce rigimar da ta hana mu barci a ƙasar nan, watau ta masu shanu da manoma. Sunansa Shane, ana faɗinsa Shen, ba shi da dangantaka da shanu ko da yake shanun ne tushen faɗan. Kamfanin Paramount na Amurka ya fitar da shi a 1953, George Stevens ya shirya shi, daga wani littafi da Jack Schaefer ya wallafa a 1949. Alan Ladd ne ya fito a jarumi, Jack Palance kuma ya fito a ɗan bindigar haya mai baƙar hula. An ɗauke shi a gindin duwatsun Teton cikin Jihar Wyoming, har mai ɗaukar hoton, Loyal Griggs, ya sami lambar Oscar saboda shi.

Labarin ba shi da tsawo. Wani baƙo ne ya ɓullo a kan doki, da bindiga a ƙugunsa, ya yada zango a gidan wani manomi mai suna Joe Starrett, wanda ke zaune da matarsa da ɗansa ƙarami. Manomin nan da maƙwabtansa 'yan kama-wuri-zauna ne, gwamnati ta ba kowannensu fili a cikin wani kwari, suka kewaye, suka haƙa lambatu, suka fara shuka. A kwarin kuma akwai wani tsohon mai shanu, Rufus Ryker, wanda ya riga su zuwa da shekaru, ya saba dabbobinsa su yi kiwo duk inda suka ga dama. Sai ya sa yaransa suna yanke musu shinge, suna kora shanu cikin shuka, suna yi musu wulaƙanci in sun shiga kanti sayayya. Baƙon ya ajiye bindigarsa ya kama ƙodago a gonar Starrett, yana neman ya rabu da tsohuwar sana'arsa. Da Ryker ya ga tsoratarwa ba ta kori manoman ba, sai ya aika aka ɗauko masa ɗan bindiga daga birnin Cheyenne. Wannan ya tsokani wani manomi mai saurin fushi, ya harbe shi a cikin taɓo a ƙofar gidan giya, da rana tsaka, a gaban shaida. Ana cikin jana'iza kuma aka cinna wa gidan wani manomin wuta. Daga nan Shane ya sake ɗaura bindigarsa, ya shiga gari da dare, ya kashe ɗan hayar da Ryker da ƙanensa, ya sami rauni, ya hau dokinsa ya nufi duwatsu, yaron gidan yana kiransa ya dawo, bai waiwayo ba.

To, mai karatu da ya ji wannan zai yi saurin cewa ai ga Bafulatani ga manomi. Nan ne nake so mu yi hattara. Ryker na fim attajiri ne, yana da barori da yawa da yake biya, yana da kwangilar sayar wa gwamnati nama, yana da kuɗin da zai ɗauko makashi daga wani gari. Makiyayin da ke bin shanu talatin da sanda daga Zurmi zuwa Kwara, wanda sau da yawa ma shanun ba nasa ba ne, na wani mai kuɗi ne a birni, bai yi kama da Ryker ba ko kaɗan. In za a nemi Ryker a ƙasar nan, sai a leƙa cikin waɗanda suka sami takardar mallakar ɗaruruwan eka a dajin da dā makiyaya ce, suka kewaye ta da waya, suka sa maigadi. Waɗannan sun kori mai sanda, sun kuma kori mai fartanya. Mutanen Bakolori ba su manta ba da abin da ya same su a watan Afrilu na 1980, sa'ad da manoma suka tsaya neman diyyar gonakinsu da aikin madatsar ruwa ya cinye, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Babu saniya ko ɗaya a cikin wannan magana.

Amma akwai wani wuri a fim ɗin da ya fi duk harbe-harben daraja a wurina, shi ne daren da Ryker ya zo gidan Starrett don su yi magana. A nan masu shirin suka yi adalci, suka bar tsohon ya faɗi hujjarsa. Ya ce su ne suka fara shigowa kwarin tun babu kowa, suka sha sanyi da yunwa, suka yi yaƙi, har akwai tsinin kibiya a kafaɗarsa. Yanzu ga waɗansu sun zo daga baya sun kafa shinge tsakanin shanunsa da ruwa, sun janye rafi zuwa gonakinsu, rafin yana ƙafewa, dole ya riƙa kora dabbobi nesa. Ku cire sunan Ryker ku sa na kowane Arɗo a fadamar Haɗeja ko ta Rima, za ku ji maganar ba ta canza ba: mashayar da kakansa ya shayar da shanu yau ta zama lambun albasa da tumatir, burtalin da suke bi ya zama gona. Starrett kuma ya mayar masa da cewa ai shi ma ya tarar da waɗansu a wurin, mafarauta da 'yan kasuwa sun riga shi, kuma gwamnati ba ta yarda da cewa filin nasa ne ba. Wannan ita ce amsar manomi a ko'ina: iyali sun ƙaru, gonar gado ta yi kaɗan, kuma hukuma ce ta yanka masa. Kowannensu yana da gaskiyarsa. Abin mamaki, a duk wannan gardama ta wa ya riga wa, babu wanda ya tuna da haƙƙin 'yan asalin ƙasar, waɗanda 'yan kallonmu suka sani da Indiyawan daji, alhali su aka kora kafin a sami filin da ake faɗa a kansa.

Fim ɗin ba ƙage ne zalla ba. A 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a wata doka wadda ta ba kowane magidanci eka 160 na ƙasar gwamnati, in ya zauna a kai ya yi aikinta shekara 5 ta zama tasa. A 1874 wani mai suna Joseph Glidden ya yi rajistar waya mai ƙaya, wadda ta sa kewaye fili ya zama abu mai araha a ƙasar da babu itatuwa. Manyan masu shanu kuwa, waɗansunsu da jarin Ingila da Sikotilan, suna kiwo a ƙasar gwamnati kyauta, ba su sayi ko taki ɗaya ba. Sai hunturun 1886 zuwa 1887 ya zo da ƙanƙara irin wadda ba a saba gani ba, ya hallaka shanu ba iyaka, kamar yadda farin 1973 da bushiyar 1983 suka yi wa namu makiyayan. Wanda ya yi hasara kuwa ba ya rasa wanda zai ɗora wa laifi. Ƙungiyar manyan masu shanu ta Wyoming ta ce ƙananan masu shanu da 'yan kama-wuri-zauna ɓarayin dabbobi ne. A 1889 waɗansu daga cikin manyan suka kama wata mace mai suna Ella Watson da wani Jim Averell, waɗanda suka kama fili a bakin ruwa, suka rataye su. Ba a hukunta kowa ba.

A watan Afrilu na 1892 abin ya kai maƙura. Manyan suka haɗa mutum wajen 50, cikinsu da 'yan bindigar haya fiye da 20 daga Texas, suka sa su a jirgin ƙasa na musamman daga Cheyenne, da jerin sunayen waɗanda za a kashe a gundumar Johnson. Suka fara da wani gidan kiwo da ake kira KC, suka kashe Nick Ray, suka yini suna musayar wuta da Nate Champion shi kaɗai, sai da suka sa wa ɗakin wuta sa'an nan ya fito suka harbe shi. Labari ya kai garin Buffalo, mutanen gari suka yi gayya tare da shugaban 'yan dokansu, suka ritsa maharan a wani gidan kiwo mai suna TA, suka kewaye su. A nan ne gwamnati ta farka. Muƙaddashin Gwamna Amos Barber ya buga wa Shugaba Benjamin Harrison waya, aka tashi sojan doki daga barikin McKinney, suka zo suka tafi da maharan. Mai karatu ya lura, ba a tashi soja ba sa'ad da ake kashe Champion, sai da manya suka shiga tarko. Shaidu biyu da suka ga kisan aka sulale da su daga jihar, gundumar ta kasa biyan kuɗin tsare fursunoni da na shari'a, a farkon 1893 aka kori ƙarar, kowa ya koma gidansa.

Watau a tarihi babu wani baƙo da ya zo ya raba gardama da harsashi uku. Masu fim ne suka ƙirƙiro shi, don ran 'yan kallo ya yi sanyi. Dalilin da ya sa labarin yake bukatarsa kuwa an faɗe shi a cikin fim ɗin kansa: babu hukuma a kwarin, mai doka mafi kusa yana can tafiyar kwanaki. Da akwai alƙali a ƙauyen, da ɗan sanda mai zuwa in an kira shi, da Ryker bai aika Cheyenne ba, da Starrett bai bukaci Shane ba.

Mu dawo gida. Iyayenmu ba su rasa hanyar raba wannan rigima ba. In shanu suka yi ɓarna, mai unguwa da Sarkin Noma da Arɗo sukan je gonar su gani da idonsu, a ƙiyasta, a biya, a sha fura. Bayan girbi manomi da kansa yakan roƙi Bafulatani ya sauka a gonarsa don taki, har ya ba shi hatsi. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, aka shata dazuzzuka da burtaloli da mashaya. Hukuma takan ce akwai irin waɗannan makiyaya 415 a ƙasar nan, amma waɗanda aka tabbatar da su a gazet ba su kai rabi ba, kuma da yawansu an cinye su da gonaki da gidaje. A ƙidayar 1963 mutanen Nijeriya miliyan 55 ne da 'yan kai, yau sun haura miliyan 200, ƙasar kuwa ba ta ƙaru da ko taku ɗaya ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamnoni da ƙananan hukumomi, sai yanka fili ya koma ga wanda ya san hanyar ofis. Daɗin daɗawa, shari'ar ɓarna ta zama kasuwa. Duk wanda ya zauna a karkara ya ji kukan Bafulatani cewa in ya shiga hannu sai ya sayar da sa kafin ya fito, ko da shi ke da gaskiya, ya kuma ji kukan manomi cewa mai shanu ya fi shi abin bayarwa, saboda haka ƙararsa ba ta zuwa ko'ina. Idan mai ƙara da wanda ake ƙara duka suka yanke ƙauna daga kotu, to, alƙali ya koma tafiyar kwanaki ke nan, ko da ɗakin shari'arsa yana tsakiyar kasuwa.

Daga nan sai kowa ya nemi Shane nasa. A Zamfara, da satar shanu da fashi suka yi yawa, ƙauyuka suka kafa 'yan banga da 'yan sa-kai. Da farko jama'a sun yi murna, don sun ga masu tsaya musu. Ba a daɗe ba aka fara kama Fulani a kasuwa ranar cin kasuwa, a yanka mutum a bainar jama'a ba tare da an kai shi gaban kowa ba, mai laifi da marar laifi. Su kuma Fulani suka ce ai su ma suna da samari, suka sayar da shanu suka sayi bindigogi, suka gayyato waɗanda suka iya harbi daga nesa. Dokta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a laccar da ya gabatar a Sakkwato a 2021 bayan shekaru yana bincike a dazuzzukan, ya kai asalin ƙungiyar farko ta 'yan bindigar zuwa 2011, ƙarƙashin Kundu da Buharin Daji, kuma da sunan kare Fulani daga zalunci suka fara. A watan Afrilu na 2014 aka auka wa wani taron 'yan banga a 'Yar Galadima cikin Ƙaramar Hukumar Maru, aka yi kisan da mutanen wurin suka ce ya haura mutum 100. An kashe Buharin Daji a 2018, kuma ba hukuma ce ta kashe shi ba, abokin sana'arsa ne Dogo Giɗe. Kashe shi bai rage kome ba.

Ga inda fim ya rabu da rayuwa. Shane ya san kansa. Kafin ya harbe Ryker ya gaya masa cewa zamaninsa ya wuce, tsohon ya ce ai naka ma ya wuce, shi kuwa ya amsa cewa bambancinsu shi ya san haka. Bayan ya gama ya gaya wa yaron cewa wanda ya zub da jini ba ya komawa zaman gida, ya aika wa uwarsa cewa bindiga ta ƙare a kwarin, ya kama hanya. Bai nemi lada ba, bai ce a ba shi gona ba, bai ce a naɗa shi sarauta ba. Wannan fa sai a majigi. Saurayin da aka ba bindiga a ƙauye ya ɗanɗana yadda dattawa ke sunkuyar da kai in ya wuce, ba ya mayar da ita ya koma kiwo ko noma. Waɗanda suka ce sun tashi kare Fulani, Fulani suka fara kora wa shanu, har rugage da yawa suka watse, masu su suka gudu Kudu ko suka ƙetare iyaka. Sa'an nan suka juya kan ƙauyuka suna sa musu harajin noma, a biya kafin a yi shuka, a biya kafin a yi girbi, suna ɗibar mutane don kuɗin fansa. 'Yan sa-kai kuma sai da gwamnatoci suka riƙa soke su, Zamfara a 2019, Sakkwato a 2021, saboda ɓarnarsu ta fi gyaransu. Daga baya Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024, da albashi da kaki da horo. Ko wannan zai bambanta da na dā, ya rataya ga abu guda: in askari ya kashe marar laifi, akwai kotun da za ta tsayar da shi?

Wani zai ce, ina ruwan mai sayar da canji a Apapa ko mahauci a Agege da rigimar dajin Zamfara? Ruwa da tsaki kuwa. Zangon Agege goro da shanu ne suka kafa shi, tun da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano a farkon ƙarnin da ya wuce, goro ya hau, shanu su gangaro. Yau tireloli ne ke kwaso su daga Maigatari da Wudil da Potiskum da Illela da Mubi, su kwana biyu ko uku a hanya, su sauke a Kara da mayankar Oko-Oba, inda dubban mutane ke cin abinci: dillalai, mahauta, masu fiɗa, masu dako, masu sayar da ciyawa, masu tuwo. Duk san da aka kora a Birnin Gwari ko Ɗansadau, ana jin zafinsa a farashin nama a Ikko. Wani lokaci ma san satar da kansa yakan biyo tirela, ya wuce shingaye da takardar da aka saya, ya shiga tukunyar wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Shugabannin kasuwannin shanu sun san wannan magana, kuma ya kamata su riƙa yinta da babbar murya.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. A nan Kudu mu ne baƙi, mu ne 'yan kama-wuri-zauna, ko da an haifi kakan mutum a Agege. Mutumin gari kuwa ba ya tsayawa bambanta Bahaushe da Bafulatani da Babarbare da Bazabarme, duk wanda ya sa doguwar riga da hula ɗaya ne a wurinsa. In aka yi ɓarna a wata gona a Oke-Ogun, mai shayi a bakin titi ne ke kwana da fargaba. Mun ga Shagamu da Ketu a 1999, mun ga Idi-Araba a 2002, mun ga Mile 12 a 2016. A watan Fabrairu na 2021 aka ƙona kasuwar Sasa a Ibadan a daidai lokacin da maganar makiyaya ta yi zafi a ƙasar Yarbawa, har ƙungiyar fataken abinci da shanu ta tsayar da lodi zuwa Kudu na 'yan kwanaki, tumatir da nama suka yi tsada a Ikko, kayan gwari kuma suka ruɓe a hannun manoman Arewa. Kowa ya ji a jikinsa. A irin waɗannan ranaku ne akan sami masu zuga samarin zango cewa su ma su tanadi abin kare kai. Dattawan da ke hana wannan, suna bin Sarkin Hausawa zuwa fadar sarakunan gari da ofishin 'yan sanda, wani lokaci matasa na ganinsu matsorata. Ni dai ina ganin sun fi kowa sanin inda wancan hanyar take ɓullewa, domin da yawansu daga garuruwan da aka bi ta suka fito.

A ranar 11 ga Mayu 2021 gwamnonin Kudu suka taru a Asaba suka yanke shawarar hana kiwon sake, a watan Satumba na shekarar Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa hannu a dokar Jihar Ikko. Binuwai ta riga su tun 2017 a zamanin Samuel Ortom. Ba na cikin masu cewa jiha ba ta da ikon tsara yadda za a yi kiwo a ƙasarta, kuma babu mai hankalin da zai ce a saki garke a Apapa tsakanin tankokin mai. Sai dai doka da ta ce a killace shanu ba ta faɗi inda mai shanu talatin zai sami fili da ruwa da ciyawar rani ba. Shirin Ruga na Gwamnatin Tarayya an dakatar da shi a 2019 tun bai fara ba. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo, muna sauraro. Amurkawa da kansu, bayan duk jinin da aka zubar, sai a 1934 suka yi dokar Taylor, wadda ta yanka ƙasar gwamnati gunduma gunduma, ta ba masu dabbobi lasin, kowa ya san iyakar inda zai yi kiwo da yawan dabbobin da zai saka da kuɗin da zai biya. Shekara 42 ke nan bayan yaƙin gundumar Johnson.

Maƙwabtanmu na Nijar ma sun ɗanɗana. A 1991 aka yi kisan Toda a Jihar Maraɗi, inda manoma suka auka wa rugagen Fulani, aka kashe mutum fiye da 100, akasarinsu mata da yara. A 1993 suka kafa dokar tsarin karkara, wadda ta tanadi kwamitocin ƙasa tun daga ƙauye, inda mai gari da wakilin manoma da wakilin makiyaya suke zama tare, a shata burtali a kafa masa turaku, a rubuta, a kuma sanar da ranar da za a saki gonaki bayan girbi. A 2010 suka ƙara wata doka musamman don kiwo, wadda ta amince cewa yawon makiyayi haƙƙinsa ne. Ba a daina faɗa a Nijar ba, kuma su ma 'yan bindiga sun tsallaka musu ta Madarunfa da Gidan Runji. Amma wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Dakwaro zai ga turakun nan a tsaye a gefen burtali, gona ta zo daidai gindinsu ta tsaya.